Harshen Likiya: Akwai Sauran Rina a Kaba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili in yi tsokaci a kan maƙalar da kuka buga game da tsofaffin harsunan Turkiyya, inda marubucin ya ce masana sun gama warware harshen Likiya. Na koyar da tarihi har na yi ritaya, kuma wannan magana ta tsaya mini a rai.

Haruffan mutanen Likiya ana karanta su, don daga na Girkanci aka aro mafi yawansu. Rubuce-rubucen da suka rage ba su wuce 200 ba, galibi a jikin kaburbura, kuma kusan magana ɗaya suke nanatawa: wane ne ya gina wannan kabari don matarsa da 'ya'yansa. Shi ya sa babu mai musun cewa a harshensu kalmar lada mata take nufi, tideimi kuma ɗa. A 1973 aka tono wani dutse a Letoon, tsohon wurin bauta a ƙasar Likiya, mai harsuna uku, Likiyanci da Girkanci da Aramiyanci, ya ƙara haske sosai.

To amma a je ga dogon ginshiƙin birnin Kisantos, wanda aka sassaƙa wajen shekara ta 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A inda ake lissafa yaƙe-yaƙen sarki, kalma ɗaya sai dawowa take yi: hãtahe. Craig Melchert, wanda ya fitar da ƙamus na harshen a 2004, ya kawo cewa mai yiwuwa sunan gunkin yaƙi ne, Sanda. Wasu kuwa sun ɗauke ta kalmar yabo ce ga mai nasara. Bambancin ba ƙarami ba ne. A fassarar farko sarki yana jingina nasararsa ga abin bautarsa, a ta biyu kirari yake yi wa kansa. Baitocin Girkancin da ke jikin ginshiƙin, masu cewa ya kashe sojoji bakwai na Arkadiya ta ƙasar Girka a yini ɗaya, ba fassarar wannan sashe ba ne, don haka ba su raba gardama ba. Wani ɓangaren ginshiƙin ma da wani harshe na kusa aka rubuta shi, Miliyanci, wanda har yau ƙalilan ake fahimta daga cikinsa.

Ɗalibai suna yanke maƙalunku su adana, abin da kuka buga shi za su haddace. Don Allah a gyara jimlar nan ta cewa an gama warware harshen Likiya a fitowa ta gaba.

Wassalam,
Tsohon malamin tarihi, Zariya