Rahoton Kwamitin Gyaran Makarantar Islamiyyar Unguwarmu Bayan Ɓarnar Iska

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Kwamitin da iyayen yara da dattawan unguwa suka ɗora wa alhakin gyaran makarantarmu ta Islamiyya a nan garin Bauchi yana sanar da jama'a cewa babban aikin ya kammala, kuma ɗalibai sun koma azuzuwansu bayan zaman wucin gadi da suka yi a zauren Mai Unguwa.

Kamar yadda aka sani, hadarin farkon damina ne ya taso daga gabas bayan sallar isha'i, iskarsa ta yaye rufin azuzuwa uku, ta kayar da katangar baya, ruwa kuma ya jiƙa littattafai, ya wanke allunan yara. Babban abin godiya shi ne Allah Ya kawo ta lokacin da babu kowa a ciki. Duk wanda ya ga guguwar Yunin 2018, wadda ta afka wa garin nan ana cikin hidimar Ƙaramar Sallah, ta yi sanadin rasa rayuka har Shugaba Buhari ya zo jaje, ya san cewa mu an yi mana sauƙi.

Da magini da kafinta suka hau suka duba, sun tarar cewa katakon rufin an aza shi ne kawai a kan bulo ba tare da an ɗaure shi ba, gara ta cinye wasu daga ciki har ana iya murje su da hannu, kwanon kuma marar kauri ne, an bar masa baki mai tsawo inda iska ta samu mashiga. A nan ne ra'ayi ya rabu, domin wasu sun so a mayar da kwano cikin gaggawa tun da damina ta kankama, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Kwamiti ya zaɓi a jure jinkiri a yi mai ɗorewa, bayan Malam Liman ya tunatar da mu hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali.

Saboda haka aka zuba bim a kan bango zagaye, aka bar rodi a jiki aka lanƙwasa shi a kan sabon katakon da aka sayo a Kasuwar Muda Lawal, bayan an shafe shi da maganin gara. An sa kwano mai kauri da ƙusa mai hula, an rage bakin rufin, katanga kuma an tayar da ita da bulo inci tara da ginshiƙai.

Muna godiya ga masu ba da kuɗi da siminti, da matasan da suka yi lebaranci kyauta, musamman iyayenmu mata da suka haɗa kuɗin adashinsu alhali wasunsu rufin ɗakinsu ma bai tsira ba. Allah Ya saka wa kowa da alheri.

Abin da ya rage shi ne silin aji ɗaya da dasa dogon yaro ta gabas, nesa kaɗan da gini. Lissafin shiga da fitar kuɗi, tare da rasiɗai, yana wurin Ma'aji ga duk mai son dubawa.