Wa ya nemi izinin mamacin?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. A ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan wani yayi da ake yi a ƙasashen waje, inda ake dawo da mawaƙin da ya mutu kan dandamali da hoton da ake kira hologiram, jama'a su yanki tikiti su je kallo.

Abin ya yi tashe ne a 2012, lokacin da aka ga mawaƙi Tupac Shakur a bikin waƙe-waƙe na Coachella a Amurka yana waƙa tare da Snoop Dogg, alhali tun 1996 aka harbe shi. Babu tsafi a ciki. Tsohuwar dabara ce da aka nuna a Landan tun 1862: a haska hoto a ƙasa, wani gilashi ko siririyar leda da aka karkatar ta ɗauko shi, sai mai kallo ya ga mutum a tsaye.

Inda abin ya tsaya mini a rai shi ne, hoton ya buɗe baki ya gai da jama'a har ya ambaci sunan Coachella. To, a 1999 aka fara bikin nan, mutumin yana kabari. Ashe wani ne ya tsara magana ya cusa a bakin mamaci. Yau gaisuwa ce. Gobe idan tallar giya ce ko ta ɗan siyasa fa?

An yi wa mawaƙiya Ummu Kulsum ta Masar irin wannan hoton a Al-Ula ta Saudiyya a 2019, ita da ta rasu tun 1975. Matar da takan riƙe baiti ɗaya tana maimaitawa, kowane karo da sabon salo, saboda 'yan kallo sun yi shewa sun ce a ƙara, har waƙa guda ta ci awa ɗaya. Hoto kuwa ko zauren zai tsage da tafi, abin da aka ɗora masa kawai zai yi.

Za a ce ai magada sun amince, kamar yadda na mawaƙiyar Amurka Whitney Houston suka yi a 2020. Amma magada su ne masu karɓar kuɗin. Ba ni da ja da 'yan ƙungiyar mawaƙa ta ABBA, domin da ransu da lafiyarsu suka sa hannu aka yi nasu a Landan a 2022. Mawaƙin Amurka Prince kuwa tun 1998 ya kira irin wannan abu shaiɗanci.

Roƙona, Edita, ku tuntuɓi lauyoyi da malamai su yi mana bayani kafin wani ya ce zai dawo mana da Mamman Shata: shin fuskar mutum da muryarsa suna cikin kayan gado kamar gida da gona?

Wassalam,
Mai karanta jaridarku daga Zariya