Littafin dodon teku ya hana ni barci, amma marubucin ya ɓata rawarsa da tsalle

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ɗan ba ni fili in faɗi ra'ayina kan wani littafin ban tsoro na Turanci da na gama karantawa satin nan. A Yaba na saye shi wajen masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa, bangon ma ya yage, ba zan faɗi sunansa ba kar a ce talla nake yi.

Labarin wasu masunta ne a babban jirgin kamun kifi can tsakiyar teku, kullum dare ya raba sai su ji ana buga jirgin ta ƙasa, gum, gum, sai shiru. Su jawo raga su tarar an tsinke ta, washegari a nemi mutum ɗaya a rasa sai takalminsa a gefen jirgi. Har kusan rabin littafin marubucin bai nuna mana ko farcen abin ba, kuma wallahi nan ne ya kama ni. Ni daga Agege nake zuwa Idumota aiki, ranar ina cikin danfo a kan gadar Third Mainland gosulo ya riƙe mu, na ɗago kai daga littafin na leƙa ƙasa, ga wani yaro shi kaɗai a ƙaramin kwalekwale wajen Makoko yana jefa raga, ruwan baƙi wuluk ba ka ganin komai a ciki. Sai da tsigar jikina ta tashi. Gadar nan kusan kilomita 12 ce, na sha bi ta kai amma ban taɓa jin tsawonta kamar ranar ba.

To amma da aka zo ƙarshe sai ya lalata komai. Wai ashe dodon wasu masana ne suka ƙera shi a ɗakin gwaji, sai ga sojoji ga jirage masu saukar ungulu ga bama-bamai, ya ɓata shafi uku yana ƙirga mana haƙoransa. Haba! Tsoron nan take ya gudu, ya koma fim ɗin faɗa kawai. Gaskiya abin ya ɓata min rai, don mutumin ya iya rubutu.

Kuma teku ba ta buƙatar a yi mata ƙari. Idan aka nutsa mita 1,000 hasken rana ba ya kaiwa, duhu ne dare da rana, alhali akwai rami a tekun Pasifik, Mariana, da zurfinsa ya kusa mita 11,000. Akwai wata halitta mai hannuwa goma da Turawa ke kira sikwid, babbar cikinsu tana kai mita 12, idonta kamar faranti. Matuƙan jiragen Norwe sun daɗe suna ba da labarin dodon da suke kira Kraken ana ɗauka tatsuniya ce, ita kuwa babbar sikwid ɗin sai a 2004 wasu masana 'yan Japan suka samu ɗaukar hotonta da rai a mazauninta. Ikon Allah kenan. Mu da muka taso da ƙissar Annabi Yunusa (AS) a cikin kifi ai mun san ruwa ba abin wasa ba ne.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne marubutanmu na Hausa. Ina son littattafan soyayya, ban raina su ba, amma ina masu rubuta mana labarin ruwa? Kayan aiki fa muna da shi jibge. Macijin rijiyar Kusugu a Daura da ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, 'yan ruwa, Sarkin Ruwa na Argungu da sai ya ba da izini kafin a faɗa kogin Matan Fada. Kakata a Yawuri in ta fara labarin mutumin da ruwa ya kira da sunansa da magariba, ko fitsari ba mai iya fita yi a cikinmu, kuma ba ta taɓa faɗa mana kamannin abin ba, sai dai ta ce "ya amsa", ta yi shiru.

Ga kuma mu 'yan Arewa da ke Legas, da yawanmu ba mu taɓa ganin teku ba sai da muka zo nan, maigadi a Lekki shi kaɗai da dare yana jin rurin igiyar ruwa a bayan katanga. Wani ya rubuta mana wannan da Hausa mana. Ni dai in ya fito zan sayi biyu, ɗaya in aika gida.

Nagode.

Mai karatunku,
daga Agege, Legas