Wasiƙar Ƙorafi Zuwa Ga Kamfanin Da Na Damƙa Wa Gyaran Jif Ɗina Ƙirar Willys MB

Yallaɓai Shugaban Kamfani,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Jiya da ƙarfe 11 saura kwata na safe na kira lambar ofishinku karo na goma sha ɗaya tun bayan maganar da muka yi da manajan garejinku, wayar ta yi ta ƙara har ta yanke babu wanda ya ɗauka. Da na ajiye ta ne na yanke shawarar rubuto muku wannan takarda a bainar jama'a, domin duk wata ƙofa da ake ƙwanƙwasawa a asirce na ƙwanƙwasa ta, na aika saƙonni, na zo da ƙafata sau uku, amma an yi kunnen uwar shegu da ni.

Motar da nake magana a kanta jif ce ta soja ƙirar Willys MB ta shekarar 1943, irin waɗanda aka ƙera wa sojojin Amurka da ƙawayenta a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Mahaifina ne ya saye ta tun ina yaro, a hannunsa na fara riƙe sifana, kuma bayan rasuwarsa ni na ci gaba da kula da ita. Injinta shi ne wanda ake wa laƙabi da Go Devil, mai silinda huɗu, lita 2.2, ƙarfin doki 60, wanda bawul ɗinsa suke a gefen silinda maimakon a samansu. Wutarta bolt 6 ce. Babu kwamfuta a cikinta, babu wani abu da yake ɓoye, domin an ƙera ta ne yadda soja zai iya gyara ta a filin daga da 'yan kayan aikin da ke cikin akwatinta, kuma littafin da rundunar sojan Amurka ta fitar a kanta, TM 9-803, ya jero yadda ake bin sawun matsala mataki-mataki. Tallarku ce ta ce kun ƙware a tsofaffin motocin soja, kuma a kan wannan magana na kawo muku ita.

Ranar 9 ga Janairu na kawo ta, kuma na yi wa wanda ya karɓe ta bayani dalla-dalla, har ya rubuta a takardar karɓa. Da safe tana tashi bugu ɗaya, ta yi silo lafiya lau. Bayan tafiyar minti goma sha biyar zuwa ashirin, idan inji ya yi zafi, sai ta fara cijewa, ta riƙa harbi ta salansa, daga nan ta mutu. In an bar ta rabin sa'a ta huce sai ta sake tashi kamar babu abin da ya faru. Duk wanda ya daɗe da irin waɗannan injuna ya san abubuwa uku ake fara zargi da wannan alama: kwandansa da ke gazawa idan ya ji zafi, ko koyil da ya gaji, ko kuma fetur da ke tafasa a cikin bututu ya hana famfo tura mai. Na faɗa masa haka da bakina, na roƙe shi a fara da wuta, wato kwandansa da koyil, kafin a taɓa kafireto mai haɗa fetur da iska. Ya ce in kwantar da hankalina, wannan aikinsu ne. Na biya rabin kuɗin da aka ƙiyasta nan take, aka ce in dawo bayan mako guda.

Mako guda ya zama huɗu. Ban riƙe yawan kiran da na yi a wannan tsakanin ba, amsar dai ba ta wuce gobe ko jibi ba, wata rana a ce ana jiran kaya, wata rana a ce mai aikin ya fita. Ranar 6 ga Fabrairu aka ce in zo in ɗauka. Rasit ɗin da aka miƙo mini ya nuna sabon kafireto, sabon koyil, saitin kwantak da kwandansa, fulogi huɗu da wayoyin batir, kuma jimillar ta haura ƙiyasin farko da kusan rabinsa. Na biya ba tare da musu ba. Tun a bakin ƙofarku na ji sitata tana juya inji da ƙyar, abin da ba ta taɓa yi ba, aka ce mini batir ne ya yi sanyi saboda zama. Ban cika kilomita bakwai ba motar ta cije, ta yi harbi, ta mutu a tsakiyar hanya, daidai yadda take yi kafin in kawo ta. Da kuɗina na ɗauki janwe na dawo muku da ita a wannan yammacin.

Zama na biyu ya fi mako shida. Aka canza famfon mai, na biya. Aka wanke tanki, na biya. Daga nan sai aka kira ni aka ce an gano ainihin matsalar, wai ringi sun cinye kuma gasket ɗin kai ya ƙone, don haka sai an sauke inji an buɗe shi gaba ɗaya, a kan kuɗin da ya fi duk abin da na biya a baya. Na yi tambaya guda: nawa kowace silinda ta bayar da aka auna matsinta? Wannan awo ne na minti goma, a cire fulogi, a ɗaura ma'auni, a juya inji, a rubuta lambobi huɗu. Babu wanda ya iya ba ni ko lamba ɗaya. Na kuma tambaya ko an ga ruwa a cikin baƙin mai, ko kumfa a lagireto, ko farin hayaƙi a salansa, tunda da waɗannan ake gane gasket ya ƙone. Aka ce manaja zai kira ni.

Manajan ya kira ranar 19 ga Maris da ƙarfe 4 da minti 10 na yamma, kuma wayata ta nuna mun yi minti shida. Na rubuta abin da ya faɗa a daren, don haka ba na ƙara masa ko kalma. Da na maimaita tambayata a kan awon silinda, sai ya ce: "Malam, kai ne makanike ko mu? Mota ta haura shekara 80, ai wurinta gidan tarihi ne, mu ma taimakonka muke yi." Na ce masa da cikakken ladabi ni ban kawo ta don a taimaka mini ba, aiki na biya, kuma ina son a dawo mini da tsohon kafireto da tsohon koyil da aka cire. Ya yi dariya, ya ce: "Wannan tarkacen? Yara sun share shi tuni. In ba ka yarda da mu ba ka zo ka kwashi abarka." Sannan ya kashe waya ina cikin magana. Yallaɓai, na kai shekarun da ba a kashe mini waya, kuma motar da aka ce wurinta gidan tarihi ne ita ce abu mafi daraja da mahaifina ya bar mini.

Ranar 24 ga Maris na zo da janwe karo na biyu na ɗauke ta. Na nemi wani dattijon makanike da ya yi aiki a kan irin waɗannan injuna tun yana saurayi, muka buɗe bonet da safe, kuma kafin la'asar mun gama. Zan faɗi abin da muka gani a jere yadda muka bi shi, domin ku gwada shi da abin da ma'aikatanku suka yi a cikin mako goma.

Da awon silinda muka fara, tunda shi ne hujjar sauke inji. Silinda huɗun sun ba da 102, 98, 100 da 97, wato sun yi kusa da juna ƙwarai, kuma injin da gasket ɗinsa ya ƙone ko ringinsa suka mutu ba ya ba da irin waɗannan lambobi. Baƙin mai tas yake babu ruwa. Muka tayar da ita muka bar ta tana silo har ta yi zafi ta mutu da kanta, nan take dattijon ya cire bututun iska ya leƙa maƙogwaron kafireto, na taka totur, sai ga fetur ya feso. Ke nan mai yana isowa, famfon da aka canza da tankin da aka wanke ba su da laifi tun farko. Sai ya zare wayar tsakiya daga distiributa ya riƙe bakinta kusa da jikin inji na juya sitata. Wutar da ya kamata ta fito shuɗiya tana ƙara, sai ga wata 'yar ja-ja mai rauni, tana fitowa sau ɗaya ta ɓace sau biyu.

Da muka buɗe murfin distiributa na ga abin da ya sa har yanzu raina yake a ɓace. Kwandansan da ke ciki tsohon nawa ne, da tsatsarsa a jikin maƙalinsa, da ɗan jan fentin da mahaifina ya ɗiga masa, domin al'adarsa ce ya yi wa duk abin da ya ɗaura alama. Wannan shi ne kwandansan da rasit ɗinku na 6 ga Fabrairu ya ce an canza. Kwantak ɗin sabo ne, amma an ɗaura shi ba a auna ba, bakinsa ya kusa haɗewa, alhali tazarar da ake buƙata inci 0.020 ce, kuma har ya fara ƙonewa saboda kwandansan da ya kamata ya kare shi ya mutu. Muka goge koyil ɗin da kuka ɗaura, sai ga 12V a buge a gindinsa. Koyil na bolt 12 a motar bolt 6 rabin abin da yake buƙata yake samu, saboda haka wutarsa ba za ta taɓa yin ƙarfi ba. Wayoyin batir ɗin ma na ƙananan motocin zamani ne, sirara, alhali sitata mai bolt 6 tana jan kusan ninki biyu na abin da mai bolt 12 take ja, don haka dole wayarta ta kasance mai kauri. Wannan ne ya sa take juyawa da ƙyar tun a bakin ƙofarku, batir ba shi da laifi. Ƙarshe muka duba taimin. A wannan inji alamar tana jikin fulawil, ana leƙa ta ta wata 'yar kafa a gefen dama kusa da sitata. Murfin kafar na nan da dattin shekaru a kansa, babu sawun sifana, wanda ya nuna babu wanda ya taɓa leƙawa.

Muka sa sabon kwandansa, muka sa koyil na bolt 6 da wayoyi masu kauri, muka saita kwantak, muka auna fulogi a inci 0.030, muka tabbatar wayoyinsu na bin tsarin 1-3-4-2, sannan muka daidaita taimin a kan alamarsa. Washegari na yi tafiyar sama da sa'a biyu da ita cikin rana, ba ta cije ko sau ɗaya ba. Abin da ya kawo ta garejinku tun 9 ga Janairu kwandansa ne, wanda bai kai girman babban yatsa ba, wanda shi ne mafi arha a duk kayan da ke cikin rasit ɗinku, kuma shi ne na fara ambata wa ma'aikacinku.

Ina neman a mayar mini da kuɗin kwandansan da aka rubuta ba a sa ba, da na koyil da wayoyin da ba na motar ba ne, da na famfon mai da wankin tanki, da kuɗin janwe sau biyu. Rasit ɗin duka suna hannuna, haka ma kayan da muka cire, kuma a shirye nake in ajiye su a gaban duk wanda kuka wakilta. Ina kuma neman manajanku ya rubuto takardar ban haƙuri da sa hannunsa.

Amma abin da ya fi kuɗin muhimmanci a wurina shi ne kafireto. Wanda kuka cire Carter WO ne na asali, irin wanda ake ɗaura wa waɗannan motoci tun daga masana'anta, lafiyarsa ƙalau, kuma ko da ya lalace ana gyara shi da sabbin gasket da allura. Wanda kuka ɗaura kwaikwayo ne mara suna a jiki. Duk wanda yake sana'ar tsofaffin motocin soja ya san masu tara su suna neman na asalin ido rufe, don haka ba na karɓar zancen cewa yara sun share shi. Garejin da ya san darajar abin har ya cire shi a makon farko, tun kafin a auna komai, ba zai jefa shi a shara ba. Tun da na fara ba da labarin nan wasu masu irin wannan mota su biyu suka shaida mini cewa su ma sun kai muku gyaran wani abu dabam, suka dawo da sabon kafireto da ba su nema ba, kuma ba a ba su tsohon ba. Wannan ya sa na daina ɗaukar abin da ya same ni a matsayin kuskuren yaro ɗaya. Abin da nake gani shi ne kamfani da yake karɓar motocin mutane da sunan ƙwarewa, ya riƙa canza kaya yana lalube a kuɗin mai mota, ya kwashe na asali ya sa na kwaikwayo, in mai mota ya yi tambaya a ɗora laifin a kan shekarun motar. Da na amince a sauke injin nan, ban san abin da zai dawo mini a cikinsa ba.

Na ba ku kwana goma sha huɗu daga ranar wannan takarda ku dawo mini da kafiretona da koyil ɗina da famfon maina na asali, tare da kuɗin da na lissafa. In wa'adin ya cika ban ji daga gare ku ba, zan kai takardun da kayan gaban hukumar da ke kare haƙƙin masu sayayya, kuma mutanen nan biyu sun ce za su biyo ni da nasu rasit ɗin. Lambar wayata tana kan takardar karɓa ta 9 ga Janairu.

Naku,
Mai jif ƙirar Willys MB ta 1943