Karatun Wannan Wata: Tatsuniyoyin Duniya

Assalamu alaikum ƴan uwa. Wannan watan littattafan tatsuniyoyin duniya za mu karanta, kowa ya ɗauki ɗaya.

Ni dai Kalila wa Dimna nake so mu fi ba ƙarfi. Asalinsa Panchatantra ne na Indiya, ya bi ta Farisa, sannan Ibn al-Muƙaffa ya mai da shi Larabci a ƙarni na 8. Ku lura da yadda dila Dimna ya yi ta kai gulma tsakanin zaki da sa, yana gaya wa kowanne cewa ɗan uwansa na shirin cin amanarsa, har zaki ya kashe amininsa. Wannan babi kaɗai ya ishe mu tattaunawa.

Akwai kuma na ƴan uwan Grimm na Jamus, da ya fara fitowa a 1812. Iyaye, ku duba kafin ku miƙa wa yara: a labarin Cinderella da ke ciki, ƴaƴan matar ubanta yanke yatsa da dunduniya suka yi don takalmin da ɗan sarki ke neman mai shi ya shige su. Na Charles Perrault na Faransa, 1697, ya fi sauƙi a wannan labarin. Dare Dubu da Ɗaya ma sai an tace.

Don Allah kowa ya rubuto zaɓinsa kafin Juma'a, kada mu taru kan littafi guda.