Abin da Lakar Tilla Ta Ajiye

Gombe, ranar Lahadi

Aminina Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali, ya kuma sanyin ƙasar mutane? Mu nan sai godiya, gero ya fara bununi.

Bununin ne ma ya sa na ɗauki biro. Ka tuna musun da muka sha yi a tsangayar Baffa, kana rantsuwa cewa dā ƙasarmu kurmi ce baƙi ƙirin, kakanninmu suka cinye ta da gatari? To, na samo mai raba gardama.

Watan jiya na bi hanyar Dadin Kowa zuwa Biu, na ratse na ga tafkin Tilla, wanda ke zaune a cikin ramin tsohon dutse mai aman wuta. Ashe garin furen da iska ke kwasowa yana faɗawa ruwan, ya nutse, laka ta binne shi, kuma ɓawonsa ba ya ruɓewa. Masana su soka bututu su zaro lakar, na ƙasa ya girmi na sama. Gwajin kabon, mai auna tsufan abin da ya taɓa rayuwa, ya ba su shekarun lakar, su kuma sa madubin ƙara girma su ƙirga ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, don kowane tsiro da kamannin garinsa. Aikin haƙuri, kamar tsince tsakuwa a shinkafa.

Wani Bajamushe, Ulrich Salzmann, da abokan aikinsa sun fitar da sakamakon Tilla a 2002, tarihin kusan shekara 17,000. Kana da rabin gaskiya: wajen shekara 10,000 da suka wuce ruwa ya yawaita, tafkin ya cika, itatuwan da yau sai ka yi kudu za ka gan su suka bazu har nan. Amma garin ciyawa bai taɓa yankewa ba, ga kuma burbushin gawayi a ciki, wato gobarar daji tsohuwa ce. Daji ne mai duhu, ba kurmi ba. Bushewa ta soma a hankali tun wajen shekara 6,800 baya, ta tsananta wajen 3,800.

Kada ka ce na wanke masu gatari. Manyan motocin gawayin da na yi ta kauce wa a hanyar dawowa sun ishe ni shaida.

Inna tana gaishe ka, ta ce har yanzu ba ta ga hoton jaririn ba.

Naka har kullum,
Bala