Ku riƙa tambayar abin da mai shayarwa ta ci

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina cikin masu sauraron shirinku na lafiyar iyali daga nan Tahoua. Na ji yadda kuka cika makon shayarwa, daga 1 zuwa 7 ga Agusta, da kira ga mata su ba jarirai nono zalla har wata 6, ko ruwa kada a haɗa. Kiran daidai ne. Amma duk tsawon makon ban ji wanda ya juya wajen maigida ya tambaye shi abin da matar nan ta sa a cikinta ba.

Ku dubi lokacin da makon yake faɗowa a ƙasar Adar. Rumbu ya yi ƙasa, gero ya yi tsada, sabon hatsi bai nuna ba, sauro kuma ya yi yawa. Mace tana gona da goyo a baya, ta dawo ta yi daka, ta ɗebo ruwa, ta raba tuwo, ita ce ta ƙarshen ci. A haka ake so jikinta ya fitar da nono wajen kashi uku cikin huɗu na lita kowace rana. Masana abinci sun ce mai shayarwa tana buƙatar ƙarin kalori kusan 500 a yini, wato kamar ƙarin ci ɗaya a kan wanda ta saba.

Mutane da yawa suna zaton idan uwa ba ta ƙoshi ba nononta ya zama ruwa. Ba haka abin yake ba. Sai yunwa ta yi tsanani ƙwarai kafin nono ya ragu sosai, domin jiki yana fifita jariri: yana zarar kitsen uwa, yana zarar kalsiyam daga ƙashinta, ya zuba a nono. Shi ya sa za ka ga yaro ɓulɓul a bayan uwar da ta rame, tana jiri in ta miƙe. Saboda haka mace ta ce "nonona ba ya isar shi" ta koma ɗura masa hura ko ruwan rijiya, ta jawo masa gudawa ne kawai, kuma da tsotso ya ragu nonon ma raguwa yake. Ita za a ƙara wa abinci, yaron ya ci gaba da tsotso dare da rana. Ko zafin Afrilu bai sa a ba shi ruwa ba, tunda fiye da kashi 85 cikin 100 na nono ruwa ne. Uwar ce za ta sha.

Sai dai akwai abubuwan da in babu su a kwanon uwa, za su yi ƙaranci a nononta. Bitamin A yana cikinsu, mai kare ido da ƙarfafa jiki a kan ƙyanda da gudawa, ana samun shi a zogale, karas, kabewa, mangwaro da hanta. Akwai bitamin B12, wanda jijiyoyi da ƙwaƙwalwar yaro suke buƙata, shi kuwa daga abin dabba yake zuwa: madara, cuku, ƙwai, nama, kifi irin na tafkin Tabalak. Akwai aidin, wanda rashinsa ke kawo maƙoƙo ga babba, ga yaro kuma ya dakushe basira tun yana ciki. Maganinsa gishiri mai aidin ne, a ajiye shi a rufe. Irin wannan rashi ba ya nunawa da wuri kamar tamowa. Sai yaro ya yi jinkirin zama da magana, ko ya shiga lakkwal karatu ya ƙi shiga kansa, a ce haka Allah ya yi shi.

Mu Hausawa ba mu jahilci ciyar da mai jego ba. Ana kawo ƙauri, ana dama kunu, ana yanka ragon suna, dangi suna ɗauke mata aiki. Matsalar ita ce gatan yana ƙarewa ranar arba'in, alhali shayarwa shekara 2 ce. Kunun kanwa ma, in an cika masa kanwa ana sha safe da yamma, yana ɗora wa zuciyar mai jego nauyi. Wadda ƙafarta ta kumbura ko numfashinta ke sarƙewa, a kai ta asibiti, kada a ce jego ne. Kada kuma a yi wasa da ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa wajen awo, da kwana cikin sange: zazzaɓin cizon sauro jini yake ci, mace marar jini kuwa ko goyon da ƙyar take ɗauka.

Tunda mazanmu da yawa suna ci-rani a Abijan, Libiya da Aljeriya, uwar miji ce ke riƙe da mudu a gidaje da dama. Ita ce ke cewa a matse dakashi a zubar, wanda shi ne rigakafin farko na jariri kuma ake so ya sha shi cikin awar farko. Ita ce kuma ke karɓar kuɗin da aka aiko. Shirin da bai yi magana da ita cikin girmamawa ba bai shiga gidan ba.

Ayar da malamai ke karantawa kan shayarwa shekara biyu cikakku, aya ta 233 cikin Suratul Baƙara, ita ce kuma ta ɗora wa uban yaro ci da tufatar da mai shayarwa gwargwadon hali. Rabin farko kowa ya haddace shi. Ina roƙonku ku gayyato malami da ungozoma su zauna tare su karanta rabin na biyu, kuma ku sa shirin bayan Isha'i, lokacin da maza ke fada suna shayi da rediyo a gefe. In kun maimaita shi da kaka, sa'ad da wake da gyaɗa suka zo gida kafin a kwashe su zuwa kasuwa, zai fi amfani.

Na gode.

Mai sauraronku,
wata tsohuwar malamar makaranta, Tahoua